Man da Ya Ƙi Barci

Kun sha tambayata dalilin da ya sa tsofaffin Guci suke ce mini Mushe Barci, ni kuma na sha ba ku amsa iri-iri, kowace rana da wadda ta zo bakina. Na taɓa ce wa Hadiza wai gyangyaɗi na yi a cikin aji har alli ya faɗi daga hannuna. Na ce wa Laminu wai tun ina jariri ba a iya tashina sai da ruwan sanyi. Duk ƙarya ce, uwarku ma ta san ƙarya ce, shi ya sa take ɗaukar tabarmarta ta koma ciki in na fara. Yanzu da na ajiye aikin koyarwa, gwiwa ta ƙi, ido ya fara gajiya, ba ni da abin yi sai zama a gindin dogon yaron ƙofar gida ina kallon abubuwan da suka daɗe da wucewa, na ga gara in rubuta muku yadda aka yi kafin ku ji a bakin wani. Mushe dai kun san haka ake kiran kowane malamin lakwal, wato makarantar boko, a ƙasar nan. Barcin kuwa a kasuwa na samo shi, a shekarar da na fara koyarwa, kuma a kan kwalbar man shanu.

Sai na fara gaya muku cewa uwa biyu gare ni. Iya, kakarku da kuka sani, ita ta haife ni a ƙauyenmu na gabas da Guci. Ni ne ɗanta na fari, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba har ta koma ga Allah. "Kai wannan" take ce mini, in kuma tana magana a kaina sai ta ce "yaron nan", tana kallon wani wuri. Ina da wata biyu a duniya ta kwanta ciwo, nononta ya ɗauke. To a lokacin akwai wasu makiyaya da suke sauka a gonar Baba kowace kaka, shanunsu su ci kara su bar mana taki, abin da kakanninsu da namu suka faro. Su ma suna noma ɗan geronsu can arewa da mu, amma rabin shekara a gonarmu suke. Cikinsu akwai Inna Dija, tana goyon 'yarta a lokacin. Ita ta ɗauke ni ta haɗa da tata. Da damina ta zo danginta suka tashi da shanu, ita ta zauna a gidanmu saboda ni, tana kwana a ɗakin Iya, tana cin tuwonmu, har aka yaye mu tare. Ita ce take kiran sunana da ƙarfi tun daga bakin gona, ita take ɗora ni a cinya ta shafe mini kai da mai har ya riƙa ɗiga a kunnena. Abin da kunya ta hana Iya yi mini, Inna ta yi shi ninki biyu.

Su biyun kuma suka zama aminan da ban ƙara ganin irinsu ba. Iya sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Inna kuwa nono da man shanu, kuma man nata ya yi suna, har daga Magariya ake aiko da kwalba a ce a cika wajen Dija. Abin da na fi tunawa shi ne safiyar lokacin sanyi. Inna za ta shigo da ƙwarya a ka, su zauna a jikin katangar da rana take fara bugawa, kowacce ta ajiye kwalbarta a kan katangar. Ni ina tsugunne ina jin ɗumin rana a bayana ina kallon kwalaben. Ta Iya rana takan ratsa ta ta wuce, ta zubo wani haske rawaya a ƙasa, in iska ta taɓa kwalbar hasken ya yi rawa. Ta Inna kuwa rana ba ta shiga, man ya daskare ya yi fari-fari, ko ka kifar da ita ba ya motsi. Mu a wajenmu ba a cewa mai ya daskare, cewa ake yi ya yi barci. Wata safiya na tambaye su abin da ya sa na Inna yake barci na Iya ba ya yi. Iya ta yi kamar ba ta ji ba. Inna ta yi dariya ta jawo ni jikinta.

"Saniya wuni take yi tana yawo a daji, Isufu, dole manta ya gaji," in ji ta. "Gyaɗa kuwa wata uku ta yi a kwance cikin ƙasa. Ta ƙoshi da barci."

Na yarda da wannan amsar shekara da shekaru. Har aka kai ni lakwal, har na tafi Damagaram karatu, ban sami wadda ta fi ta ba. Sai wata rana a ajin shimi, wato ilmin sinadarai, malaminmu ya juya ga allo ya fara zana wani abu mai kama da sawun maciji a rairayi. Ya ce duk abin da muke taɓawa an gina shi da ƙwayoyin da ido ba ya gani, ana ce musu atom, in sun riƙe juna sun yi gungu sai a kira gungun molekil. Ya ce mai, kowane iri ne, molekil ɗinsa jela uku gare shi, kowace jela kuwa sarƙa ce ta karbon, wannan riƙe da wancan, idrojen na manne a gefensu. In kowane karbon ya riƙe maƙwabcinsa da hannu ɗaya, jelar miƙewa take yi. In kuwa a tsakiyar sarƙar aka sami biyu da suka riƙe juna da hannu bibbiyu, sai jelar ta lanƙwashe a daidai wurin ta yi gwiwa. Masu miƙaƙƙiyar jela in sanyi ya zo sai su jeru su kwanta a jikin juna kamar karan da aka ɗaure dami, shi ne daskarewa. Masu gwiwa kuwa ko sun so kwanciya, gwiwar wannan ta tokari wancan, sai su yi ta zamewa a kan juna. Man dabba irin na farko ne, in ji shi, man gyaɗa irin na biyu.

Ban ji sauran darasin ba. Ajin ya ɓace mini, na koma gindin katangar gidanmu, rana na dukan bayana, kwalabe biyu a sama. Sai dai yanzu ina ganin cikinsu. A kwalbar Inna ga su nan dubbai a kwance reras, kai da kai, ƙafa da ƙafa, ba mai ko tari. A kwalbar Iya kowa na juyi yana neman gefen da zai kwanta bai samu ba. Tun daga ranar na zama mutumin da ba ya iya kallon abu ya bar shi. In na ga gishiri ya narke a miya sai in tsaya ina tunanin wa ya ja hannun wa. In na ga sabulu ya tafi da maiƙo sai in ga wata halitta mai kai da jela, kan yana son ruwa, jelar tana son mai. Abokaina suka ce aljanu sun shafe ni. Ni kuwa daɗi nake ji wanda ban san yadda zan faɗe shi ba, don na gano cewa halin kowane abu a cikin ƙirarsa yake, ba haka kawai yake yin abin da yake yi ba.

Da na gama aka turo ni kwalej a Magariya in koyar da darussan kimiyya, fizik da shimi. Ba mu da kayan gwaji sai ma'aunin zafi guda ɗaya da nake yawo da shi a aljihun gaba don a gani. Sai na riƙa tsinto 'ya'yan magarya a bakin hanya ina soke su da ƙayar aduwa. Ɗan magarya shi ne karbon, ƙaya ɗaya hannu ɗaya, ƙaya biyu hannu bibbiyu. In na jera miƙaƙƙun a faifai su kwanta lafiya, in na zuba masu gwiwar su yi tsibi su watse, ɗalibai su yi ta dariya suna ganewa. Ina da wando mai kari da takalmi sau-ciki da sabon keke. Ina jin babu abin da ya rage a duniya wanda ban sani ba, sai ɗan kaɗan da zan ƙarasa a hutu.

Wannan shekarar damina ta yi gardama. Gero ya tsaya a gwiwa, ciyawa ta ƙone tun ba a shiga kaka ba. Su Inna sun sauka a gonarmu kamar kullum, amma karan da ke ciki bai kai sati uku ba ya ƙare, shanu suka fara nuna haƙarƙari. Mata da yawa a ruga suka daina kawo mai kasuwa. Inna ce kaɗai ba ta fasa ba, don jar saniyarta ba ta daina ba da nono ba, kuma mutane sun fara mamakin haka tun kafin abin ya faru.

Ranar kasuwar Guci ce, sanyi ya kama sosai, na zo gida ƙarshen mako. Ina tura keke ta rumfar masu nono sai na ga taro. Wata Hajiya ce daga Magariya wadda takan sayi mai da yawa ta kai hayin iyaka, ta daɗe tana saye wajen Inna. Tana riƙe da kwalba tana karkata ta a gaban sarkin kasuwa. Ƙasan kwalbar ya yi barci, amma a sama akwai wajen yatsa biyu na mai da yake zamewa duk inda aka karkata. Hajiya ta ce ita ba ta son rigima, amma wannan karo na uku ke nan, kuma kowa ya san aminiyar Dija man gyaɗa take yi. Inna tana zaune a bayan ƙwaryarta. Da ta hango ni sai fuskarta ta washe.

"Ga ɗana nan," ta ce. "An ce yanzu Mushe ake ce maka. Mu a ruga in aka ce mushe sama muke dubawa mu ga ko ungulu ta taru."

Aka yi dariya, ni ban yi ba, don akwai ɗalibaina biyu a wurin. Sarkin kasuwa ya ce alhamdu lillahi, ga mai ilmin abin ya zo, kuma ɗanta ne, ba wanda zai ce an zalunce ta. Ya tambaye ni ko boko yana da hanyar gane man da aka gauraya. Da na ce ban sani ba, da yau ba ku karanta wannan takarda. Amma na ce akwai, kuma mai sauƙi ce.

Na sa aka kawo kwalbar wata mata daga wata rugar, da kwalbar man gyaɗa, da ta Inna. Na tsoma su cikin randar mai sayar da ruwa, na zaro ma'aunin zafina na tsoma shi ma, ko da yake ba abin da zai gaya mini. Muna jira ina yi wa mutane bayanin jela da gwiwa, har na tsinci kara na karya shi don su gani. Da aka ɗan jima na fiddo kwalaben ɗaya bayan ɗaya ina karkatawa. Ta matar can ba ta motsa ba. Ta gyaɗa ta zame gaba ɗaya. Ta Inna sama ya zame, ƙasa ya tsaya. Na ɗaga ta sama rana ta ratsa yatsa biyun nan, rawaya, sak irin hasken da kwalbar Iya take zubarwa a gindin katanga.

"Man shanu tsantsa barci yake yi duka," na ce. "Wanda bai yi barci ba, ba daga saniya ya fito ba."

"Isufu," in ji Inna, a hankali, kamar mu biyu ne kaɗai a wurin. "Mai bakin saniya yake bi. Abin da ta ci shi take bayarwa. Man damina daban, man rani daban. Ka tambayi kowace mace a nan."

"Inna, saniya saniya ce," na ce. "Molekil bai san damina ba."

Har da ɗan murmushi na faɗa. Wannan murmushin shi ne abin da ya fi damuna har yau, ya fi maganar. Sarkin kasuwa bai yi mata hukuncin komai ba, ya dai ce a kiyaye gaba. Hajiya ta ajiye kwalbar a gabanta ta tafi. Inna ta rufe ƙwaryarta da faifai, ta gyara gammo, wata yarinya ta taya ta ɗauka, ta bi ta tsakiyar mutane ta fita. Ba ta dube ni ba. Ni kuwa na hau keke ina jin na yi abin da ya kamata, gaskiya ba ta san uwa ba, haka na yi ta gaya wa kaina har gida.

Kafin kasuwa ta zagayo sun tashi daga gonarmu. Mijinta ya zo da safe ya ɗaure wa Baba saniyarsa guda ɗaya da take hannunsu shekara da shekaru, da ɗan maraƙinta, a turken ƙofar gida. Ya yi sallama, ya ce za su gwada wajen Dogo-Dogo, an ce can da sauran ciyawa. Bai ambaci kasuwa ba, Baba ma bai ambata ba. A wajen makiyayi, maido maka da dabbarka ba tare da ka tambaya ba ya fi kowace baƙar magana.

Da aka yi hutun ƙarshen zango na dawo gida. Iya ba ta ce mini komai ba, kuma ban yi mamaki ba, ai dama ba ta cewa. Sai dai na lura ta daina zama a jikin katangar nan da safe. Wata rana da hantsi na shigo na same ta ta gama matsar gyaɗa. Ta cire tunkuza, wato dunƙulen da yake saura bayan an matse mai, wanda ake murzawa a soya ya zama ƙuli-ƙuli. Sai na ga ta gutsuri wajen kashi ɗaya cikin uku ta sa a wata 'yar ƙwarya ta ajiye gefe, sannan ta tsaya tana kallon ƙwaryar kamar ta manta abin da ya sa ta ajiye. Na tambaye ta na wane ne. Da ta amsa, turmi take kallo.

"Na jar saniyar Dija ne. Tun da ciyawa ta ƙone nake aika mata. Ba na matse shi sosai, don ya yi mata amfani. Hannuna ne bai saba da dainawa ba tukuna."

Na ce me ya hana ta faɗa tun ranar. Ta ce wa za ta faɗa wa, kuma ta ce me? Ta fita ta tsaya a gaban mutane ta ce yaron nan ya yi kure? Ita da ba ta iya kiran sunana ko a yabo, ta yaya za ta kira shi a ƙaryatawa. Ta ce ta aika wa Dija a ɓoye cewa ta yi haƙuri, Dija ta aiko cewa ba komai, yaro ne. Daga nan ta juya ta ci gaba da murza ƙuli-ƙulinta, hawaye na sauka a bayan hannunta.

Duk da haka taurin kai bai sake ni nan take ba. Na ce sai na gwada. Saniyar Baba da aka maido tana nan tana ba da ɗan nono, sai na roƙi Iya ta kaɗa mini shi ta soya man, na sa a kwalba na ajiye a kan katanga. Da safe ya yi barci har wuya. Sannan na sa aka riƙa ba ta tunkuzar nan kullum. Na koma Magariya, ina koyarwa jikina na aji hankalina na turke. Na tono wani tsohon littafi a kabad ɗin darektan makarantar wanda gara ta ci bangonsa, a ciki na ga abin da malaminmu ya taƙaita mana, ko kuma ya faɗa a lokacin da na tafi mafarkin kwalabe. Ashe man shanu ba iri ɗaya ba ne a cikinsa. Akwai miƙaƙƙu, akwai masu gwiwa, a cakuɗe tun daga hantsar saniya, kuma yawan kowanne yana bin abin da ta ci. Cikinta yana miƙar da wasu, wasu kuma su wuce da gwiwarsu har cikin nono. Bayan sati uku na dawo, Iya ta sake kaɗawa. Da gari ya waye na ɗauki kwalba ta biyu na karkata. Yatsa biyu suka zame. Gyaɗa ta shiga man Inna, gaskiya ne, amma ta bakin saniya ta shiga, kuma hannun uwata ne ya kai ta.

Baba ya ce in bar maganar. Ya ce mutane sun fara mantawa, kuma malamin lakwal da ya tsaya a kasuwa ya ce bai san abin da yake faɗa ba, wa zai ƙara ba shi ɗansa? Ya ce in je in ba ta haƙuri a ɓoye ya isa. Na yi kwana biyu ina auna maganarsa, kuma ba zan ɓoye muku ba, ta yi mini daɗi. Amma a gaban mutane na karkata kwalbar nan. Ranar kasuwa na ɗauki kwalabe biyu na je wajen sarkin kasuwa na roƙe shi ya sa mai shela ya tara mini jama'a a rumfar masu nono. Na ɗaga ta farko na ce wannan saniyar Baba ce tana cin kara. Na ɗaga ta biyu na ce wannan ita ce dai tana cin tunkuza. Na ce Dija ba ta taɓa gauraya mai ba, abin da ta faɗa ranar nan shi ne daidai, ni ne ban sani ba. Sai wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba:

"Ashe man idonsa biyu. Mushe ne ya yi barci."

Kasuwa ta ɗauka. Kafin la'asar yara na bin kekena suna rerawa, kafin wata ya ƙare sunan ya riga ni zuwa Magariya, na shiga aji na tarar an zana ni a allo ina kwance cikin kwalba. Shekara biyu in na faɗi abu a aji sai wani ya ce ko a tambayi saniya tukuna. Wannan duk bai dame ni ba kamar yadda Baba ya zata. Abin da ya dame ni shi ne wadda na yi dominta ba ta wurin.

Sai na bi ta. Na ɗaure kwalaben a bayan keke da tsumma na kama hanyar Dogo-Dogo tun da sassafe. Rabin tafiyar turawa na yi, don rairayi ba ya barin taya. Ina tuna goribobi tsaye ɗaya-ɗaya a kan tudu, da busassun tabkuna da suka tsattsage, da wani jaki da ya bi ni tsawon lokaci ban san na wa ba ne. Duk inda na ga hayaƙi sai in ratse in tambaya, a ce sun kwana biyu a nan sun yi gaba. Rana na hawa kwalaben na ɗumama a bayana, ina jin su suna ƙara, ina tunanin waɗanda ke ciki suna farkawa ɗaya bayan ɗaya suna miƙa. Sai da na hango rugar bayan azahar na tuna abin da wannan yake nufi. Na kwance tsumman na duba. Duka biyun sun narke tas, ba ka iya bambanta su. Na yi wuni guda ina tura hujjata a rana har ta zama ba komai.

Na same ta a gindin wata ƙaya tana gyaran ƙwarya. Ta rame. Jar saniyar ba ta cikin garken, ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Na durƙusa na gaishe ta, na fara bayani, jela da gwiwa da tunkuza da abin da na yi a kasuwa, ina riƙe da kwalabe biyu masu kama ɗaya kamar mahaukaci. Ta bar ni har na gama. Sannan ta karɓi ɗaya ta buɗe, ta shinshina, ta ɗiga a tafin hannunta.

"Wannan ce ta tunkuza," ta ce. Kuma ita ce.

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun a hanyar fita kasuwa, ai ba a riƙe ɗa. Na ce to su dawo gonarmu da kaka, Iya ba ta da lafiyar zuciya tun da suka tafi. Ta girgiza kai. Ta ce mazan sun riga sun yi magana da wani mai gona a nan, kuma ita ƙafarta ba za ta ƙara iya shiga rumfar nan ba, ko an wanke ta, idon da ya kalle ta ranar nan yana nan. Ta ci gaba da murza man a hannunta. Sannan ta ce in matso. Ta cire mini hula ta shafa mini shi a ka, yadda take yi ina ƙarami, har ya gangaro bayan kunnena.

"Isufu, in tambaye ka, tunda kai ne mai karatu. Shekarar da na shayar da kai, tuwon uwarka nake ci, da man gyaɗarta a miya. To nonon da ka sha, nawa ne ko nata?"



"Ka ga, shi ma gauraye ne," in ji ta. "Ga ka nan kuwa ka girma."

Ba su dawo ba. Iya da Inna ba su ƙara haɗuwa ba a duniya, sai saƙon gaisuwa a bakin masu zuwa kasuwa, shi ma yana raguwa har ya ɗauke. Ku kun tashi kun ji ana cewa wai shanunsu ne suka yi mana ɓarna a gona shi ya sa aka rabu. Ba su taɓa cin ko zangarniya ɗaya tamu ba. Kuma 'yar ƙwaryar nan da kuka riƙa gani kakarku tana ajiye tunkuza a ciki duk ranar matsa, har kuna tsokanarta wai ta aljanu ce, yanzu kun san ta wace ce.

Na yi shekara talatin da wani abu ina soke 'ya'yan magarya da ƙaya a gaban yara, kuma har gobe ina ganin babu abin da ya kai wannan ilmi daɗi. Ban daina yarda da shi ba ko na rana ɗaya, don shi ne ma ya nuna mini kurena daga baya. Abin da na ƙara kawai shi ne, duk shekara in na zo darasin mai, sai in ce kowa ya je gida ya tambayi uwarsa ko kakarsa abin da ta sani, ya rubuto a kaye, wato littafin rubutu, kafin in buɗe bakina.

Jikokin Inna suna zuwa kasuwar Guci yanzu, a kan babur suke kawo kayansu. Akwai wata doguwa mai wushirya, sunan kakarta gare ta, tana zama a ƙarshen rumfa ta wajen masu goro. Ba ta san ni ba, ni ma ban taɓa gaya mata ko ni wane ne ba, ina dai saye in tafi. In Allah ya kai ku, ku saya a wajenta. In ta miƙo muku kwalbar ku karɓa da hannu biyu ku sa a jaka. Kada ku karkata ta.